Ɗalibai Shida da Takardar Ƙuri'a

(Taken shiri)

 Ina gaida mutanen Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Kaciya da Gwantu da Manchok, da duk inda muryar nan take kaiwa, ko kuna gonar citta ne, ko a shago, ko a ɗakin kwanan ɗalibai kun kewaye waya ɗaya. Yau da ɗalibai zan yi magana, amma iyaye kada ku murɗa akwatin, akwai rabonku a ciki.

A nan Kafanchan muna da reshen Jami'ar Jihar Kaduna, inda ake koyar da zanen gine-gine da ilimin muhalli da na noma. A Gidan Waya ga Kwalejin Ilimi mai yaye mana malaman makaranta. Ga kuma makarantar koyon aikin jinya da ungozoma. Duk wanda ya zauna a ɗaya daga cikinsu ya san ranar da lakcara zai shigo aji da takarda a hannu, ya karanto sunaye shida-shida, ya ce ku ne rukuni na ɗaya, ku ne na biyu, ga aikinku, ku kawo kafin jarrabawa. To, mu ɗauka aikin da aka ba rukunin shi ne su zayyana wani abu da zai taimaki talakan ƙaramar hukumar Jema'a ya yi amfani da 'yancinsa na zaɓe. Fosta ce, allo ne, rumfar zaɓe ce, saƙon murya ne, manhajar waya ce, an bar musu su zaɓa.

Mun san yadda aka saba yi. A daren ranar za a buɗe zauren WhatsApp, kowa ya gaisa, daga nan shiru. Sai ana saura 'yan kwanaki, wanda yake da kwamfuta a cikinsu ya hana idonsa barci ya haɗa abin shi kaɗai. Sauran su turo kuɗin buga takarda da lambar rajista, su ce a sa sunansu. Abin da za a miƙa wa lakcara kuwa tun yanzu zan iya faɗa muku kamanninsa: tutar Najeriya, farar kurciya, hannu biyu suna musabaha, da rubutu babba yana cewa ƙuri'arka 'yancinka. Maki zai fito, kowa ya wuce. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin an yi asara biyu. Babu mai jefa ƙuri'a ko ɗaya da fostar za ta taimaka, sannan matasa shida sun samu damar su gwada zama da juna, su yi gardama, su yanke shawara tare, suka bar ta ta wuce.

Wani zai ce, me ya haɗa mai zane da zaɓe, ai wannan harkar 'yan siyasa ce da lauyoyi. To, ku saurara. A zaɓen shugaban ƙasa na 2019, hukumar zaɓe ta INEC ta ƙirga lalatattun ƙuri'u fiye da miliyan 1 da dubu 200. A na 2023 sun haura dubu 900. Kowace ɗaya daga cikinsu mutum ne da ya bar gonarsa ko kasuwarsa, ya bi layi cikin rana, ya dangwala, ya koma gida yana ganin ya zaɓa, alhali ƙuri'arsa ba ta shiga lissafin kowa ba. Ba duka ne laifin takarda ba, akwai masu ɓatawa da gangan. Amma ku tuna a 2019 takardar zaɓen shugaban ƙasa alamomin jam'iyyu 73 ta ɗauko, sun jeru a matse, wasu launinsu ɗaya, wasu harufan sunansu sun kusa zama ɗaya.

Ku zo mu tsaya kusa da wata Mama a rumfar zaɓe, mu kalli hannunta. Shekararta sittin da wani abu, babban yatsanta ya faɗaɗa da riƙon fartanya. Ba ta karatun boko, alama take nema. Rana tana haska takardar, idonta kuma ya fara rauni. Ta samu alamar, ta danna yatsa a tawada, ta danna sosai don kada a ce bai fito ba, ta dangwala. Gurbin ya yi wa yatsan kaɗan, tawada ta tsallaka layi ta shiga gurbin maƙwabci. Ko kuma ta dangwala daidai, amma ta ninke takardar sama zuwa ƙasa kamar yadda take ninke kuɗi, ɗanyar tawada ta manna a wani gurbin, takarda ta fito da dangwale biyu. Da yamma wakilan jam'iyyu za su yi ta musu a kanta, a ƙarshe a ajiye ta gefe. Faɗin gurbin nan, da tazarar da ke tsakanin alamomi, da irin tawadar, da hoton da zai nuna mata yadda ake ninkewa, duk wani ne ya zauna ya tsara su. Aikin mai zayyana ke nan. Haka ma inda aka girke ɗan akurkin dangwalawar. In an juya shi yadda na bayan layi zai hango yatsanta, to an buɗe wa mai sayen ƙuri'a ƙofa, ya gani ya biya. Ɗalibin zanen gine-gine da ya iya duba fili da hanyar shiga da ta fita yana da abin cewa a nan.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A zaɓen shugaban ƙasa na shekarar 2000, a gundumar Palm Beach ta jihar Florida a Amurka, jami'ar zaɓe ta so ta taimaki tsofaffi, ta ƙara wa rubutun takardar ƙuri'a girma. Sunayen suka ƙi shiga shafi ɗaya, sai ta raba su shafi biyu suna fuskantar juna, ramukan hudawa suna tsakiya. Sunan Al Gore shi ne na biyu a hagu, amma raminsa na uku ne. Na biyun na wani ɗan takara ne, Pat Buchanan, wanda ya tashi da ƙuri'a wajen 3,400 a gundumar da ba a san shi da magoya baya masu yawa ba. George Bush ya ci Florida da ratar ƙuri'a 537, da ita kuma ya zama shugaban Amurka. Niyyar matar nan mai kyau ce. Abin da ya rage shi ne ba a zaunar da masu zaɓen sun gwada takardar an ga inda hannunsu zai nufa ba.

Abin da ya biyo baya shi ya fi kusa da zancenmu. A birnin Chicago wata malamar zane mai suna Marcia Lausen, ta Jami'ar Illinois, ta ɗauki matsalar ta kai wa ɗalibanta cikin aji. Suka yi aiki tare da jami'an zaɓen birnin da na gundumar Cook, suka sake fasalin takardar ƙuri'a, da allunan nuna hanya a wurin zaɓe, da littafin jagorar ma'aikata. Gyare-gyaren ba na ƙawa ba ne. A daina rubuta sunaye da manyan baƙaƙe zalla domin ido ya fi saurin karanta ƙanana, a jera komai daga gefe ɗaya, a rage yawan salon rubutu, a sa umarni a inda ido zai fara sauka. Aikin da ya faro a aji ya shiga rumfunan zaɓe na gaske, kuma a 2007 ta fitar da littafi a kai. Ɗalibai ne kamarku, bambancin kawai sun fita sun je inda matsalar take.

A nan Afirka ta Yamma ma akwai dabarar da nake so ku sani. A Gambiya tun shekarun 1960 ba takarda ake dangwala wa ba. Kowane ɗan takara yana da durom na ƙarfe mai launinsa da hotonsa, a ba mai zaɓe ɗan ƙwallon gilashi guda ɗaya, ya shiga ya jefa. In ya faɗa sai ƙararrawa ta yi ƙara, malamin zaɓe ya ji daga waje, in an jefa biyu zai ji biyu. Waɗanda suka tsara wannan sun dubi jama'arsu, sun ga masu karatu ba su da yawa, suka gina zaɓen a kan abin da kowa zai iya, shi ya sa lalatattun ƙuri'u suka yi ƙaranci a can.

Mu ma a jihar nan mun ga gwaji da idonmu. Ranar 12 ga Mayun 2018 Kaduna ta zama jiha ta farko a Najeriya da ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura. Ka taɓa alamar jam'iyyarka a fuskar gilashi, ka tabbatar, na'ura ta buga 'yar takarda. An sake yi a Satumban 2021. A Oktoban 2024 aka koma takarda da tawada. Ba zan shiga gardamar dalili ba. Abin da nake so ɗalibi ya lura da shi, musamman mai ɗokin cewa manhaja za ta warware komai, shi ne na'ura tana iya kawar da matsalar tawada, amma ba ta sa mutum ya yarda da wanda ya kawo ta. Yarda kuwa ita ce babbar matsalarmu a Kudancin Kaduna, kuma daga nan zancen rukuni yake farawa.

(Kiɗa)

Barkanmu da sake saduwa, masu sauraro. Ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne a kan ɗalibai da aka haɗa rukuni don su zayyana abin da zai taimaki masu zaɓe.

Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya haɓaka. Tun da aka yi mahaɗar layin dogo a nan a shekarun 1920, Ibo da Yarabawa da Hausawa da wasunsu suka zo suka zauna tare da Fantswam da Nikyob da Bajju da sauran mutanen ƙasar. Mun ci amfanin wannan cuɗanya, mun kuma sha ɗacinta. Rikicin watan Maris na 1987, wanda ya kai har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, a harabar Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya faro, a tsakanin ɗalibai. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an kashe fiye da mutum 800 a jihohin Arewa, mafi yawansu a nan yankinmu, a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan, kasuwar garin nan ma ta ƙone. Tun daga lokacin unguwanni suka ƙara rabuwa. Akwai yaron da ya tashi a garin nan bai taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba, sai da ya shiga babbar makaranta ya ga an haɗa sunansa da nasu a takardar lakcara.

Saboda haka, 'ya'yana, in aka haɗa ku rukuni, Bajju da Bafulatani da Atyap da Bahaushe da 'yar Ham da Ibo, kada ki je ki roƙi a sauya ki zuwa cikin 'yan cocinku, kai ma kada ka nemi a mayar da kai cikin 'yan unguwarku. Ba don zumunci kawai nake faɗa ba, aikin ne kansa ba zai yi kyau ba sai da su. A garin nan launi yana magana. Ka zuba kore da fari da ja a fosta, wani ya ce ta jam'iyya kaza ce, ka ƙara shuɗi, wani ya ce ta ɗayar ce. Ka zana mai jefa ƙuri'a da hula da babbar riga shi kaɗai, rabin gari su ce ba da su ake ba. Ka zana mace ba ɗankwali ita kaɗai, ɗayan rabin su kau da kai. Gaisuwar da aka buɗe saƙon murya da ita, da bangon da aka liƙa fosta, da kiɗan da aka sa a ƙarƙashin magana, kowanne yana iya jawo mutum ko ya kore shi. Kai kaɗai ba za ka ga waɗannan duka ba, komai basirarka, domin abin da ka tashi a cikinsa ba ya yi maka kama da matsala. Wadda take zaune kusa da kai tana gani tun daga nesa. Tambayar ita ce ko rukunin ya ba ta bakin faɗa.

A nan ne nake so mu daɗe. Yawancin rukunoni in gardama ta tashi sai shugaba ya ce a ɗaga hannu, huɗu suka rinjayi biyu, an gama. Suna ganin sun yi dimokuraɗiyya. Ni kuwa ina ganin ɗaga hannu shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a kai gare shi, kuma akwai gardamar da bai dace da ita ba sam. In ana musu ne a kan wanne zane mutane za su fi ganewa, ra'ayinku ku shida ba shi ne hujja ba. Ku buga duka biyun ku kai wa masu zaɓe, su za su raba gardamar. In kuwa ɗaya daga cikinku ya ce wannan hoto ko wannan kalma za ta ɓata wa mutanenmu rai, to ko shi kaɗai ne, kada a taka shi da yawan hannu. A tsaya a ji dalilinsa, a tambayi wasu daga cikin mutanen nasu, a nemi wata hanyar. Yankinmu cike yake da ƙananan ƙabilu, kowa a cikinmu marar rinjaye ne a wani wurin, wanda yake da yawa a Zangon Kataf ba shi da yawa a Zariya, wanda yake da yawa a wannan unguwa tsiraru ne a waccan. Matashin da ya koyi cewa rinjaye yana da iyaka tun a teburin mutum shida, ya koyi abin da manya da yawa ba su koya ba. Sai a kan ƙananan abubuwa, ranar taro ko nawa za a tara, a ɗaga hannu a wuce.

Manyanmu sun taɓa nuna cewa ana iyawa. A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar, Jema'a da Kaciya da Kaura da Sanga da Zangon Kataf, suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, bayan doguwar tattaunawa da wata 'yar Kenya, Alice Nderitu, ta jagoranta. An sa mata da matasa da malaman addini da masu sarauta cikin wakilan. Yarjejeniyar ba ta kashe wutar gaba ɗaya ba, mun ga abin da ya biyo baya, amma zaman da aka yi ya tabbatar da cewa mutanen da suka binne 'yan'uwansu suna iya haɗa takarda ɗaya su amince da kowane layi a cikinta. Ku da aikinku fosta ce ba ku da uzuri.

Sai rabon aiki. Duk wanda ya je gayya ya san kowa kunyarsa yake kamawa, kuma in ka yi baya kowa yana ganinka, shi ya sa ba a ɓuya a gayya. Haka aikin rukuni yake so, rabon kowa ya fito fili. Rabon da aka saba, wai kai ka rubuta babi na ɗaya, ke ki rubuta na biyu, ba ya haifar da komai sai takardu shida da aka ɗinke wuri ɗaya. A raba bisa abin da kowa ya iya. Mai sakin fuska da iya gaisuwa ita ce za ta yi hira da mutane. Mai hannun zane ya zana. Mai haƙurin karatu ya duba dokar zaɓe da jagorar INEC, don kada ku koya wa jama'a abin da ba haka yake ba. Mai jin yare biyu ko uku ya riƙe ɓangaren harshe. Kuɗi kuwa a ba mutum ɗaya, ya riƙa rubuta kowace naira a zauren, abin da ya shigo da abin da ya fita, har da kuɗin acaɓa. Rukuni nawa ne naira dubu biyu ta watsa! Shugabancin zama ya riƙa zagayawa, kowa ya ɗanɗana wuyar sa mutane su yi shiru su saurari wani. Lokacin taro ma a duba shi da adalci: ba lokacin Juma'a ba, ba safiyar Lahadi ba, ba da daddare ba in akwai wadda gidansu ba sa barinta fita, kuma a wurin da kowa zai zo hankali kwance, kamar laburare ko gindin bishiyar makaranta.

Akwai wanda ba zai zo ba, kowane rukuni yana da shi. Kafin a yanke masa hukunci a same shi a tambaye shi. Wani acaɓa yake yi da yamma don ya biya kuɗin makaranta, wata ba ta da data, wani kuma kunyar Turancinsa yake ji shi ya sa ba ya buɗe baki. Irin waɗannan a ba su aikin da ya dace da halinsu, sau da yawa ma ɗan acaɓan ya fi kowa sanin abin da ake faɗa a gari. Wanda kuwa ya ƙi don ganin dama, a rubuta gaskiya a shafin ƙarshe, wa ya yi me. Sa sunan wanda bai yi aiki ba maguɗi ne, bai kamata a fara shi a aikin da aka ce na gyaran zaɓe ne ba.

Yanzu ga fita gwaji, wanda a wurina shi ne zuciyar aikin. Kada ku kwaikwayi takardar INEC da alamomin jam'iyyu na gaske, doka ta hana buga abin da zai iya wucewa a matsayin takardar ƙuri'a, kuma za a ɗauka wani ne ya aiko ku. Ku ƙirƙiri alamominku, ku rubuta GWAJI da girma a kai. Ko a nan sai kun yi hattara, domin zakara da doki da mabuɗi da lema da tsintsiya duk suna da masu su. Tulu da jirgin ƙasa da saiwar citta sun ishe ku. Ku fara gaida sarkin kasuwa ko mai unguwa, ku nuna takardar makaranta, ku faɗi abin da ya kawo ku. Kada ku tambayi kowa jam'iyyar da yake so, kada ku karɓi lambar katin zaɓen kowa, kada ku ɗauki hoton fuska sai da izini.

Sannan ki miƙa wa Mama takardar da tawada, ki ce, Mama, don Allah ki zaɓar mini jirgin ƙasa, ki ninke ki sa a kwalin nan. Daga nan ki kama bakinki. Wannan shi ne mafi wuya, domin za ki ga tana juya takardar tana neman samanta, bakinki zai yi ta ƙaiƙayin ki nuna mata. Kada ki nuna, ranar zaɓe ba kya wurin. Ɗayanku ya rubuta inda ta tsaya, da inda ta yi shakka, da yadda ta ninke. In ta yi kuskure ba ita ta faɗi ba, zanenku ne ya faɗi, ku gode mata ku koma ku gyara. Masu wannan sana'a sun daɗe da lura cewa mutum biyar ko shida sun isa su tona manyan kurakurai, in dai an zaɓo su daban-daban. A samu tsoho, a samu budurwar da za ta yi zaɓen fari, a samu makiyayi, a samu makaho. Tun zaɓen 2019 INEC ta kawo jagorar rubutun makafi da gilashin ƙara girman rubutu don zabiya da masu raunin gani, amma ku tambayi masu buƙatar ko sun san da su, amsar kaɗai tana iya zama aikinku.

Harshe ma a gwada shi. Hausa ce ta haɗa mu a kasuwa da coci da masallaci, amma Hausar littafi daban da ta tashar mota, ku karanta wa mutane rubutunku da baki ku ga ko sun gane. Tsohuwar da ke ƙauye kuwa ta fi sakin jiki in ta ji Jju ko Tyap ko Hyam ko Fulatanci, kuma saƙon murya na minti ɗaya da yarenta ya fi fosta goma isa gare ta. Wajen bugawa ku duba baƙaƙen nan masu lanƙwasa, domin wasu salon rubutun kwamfuta ba su da su, sai ka karɓo fosta ka ga ɗan akwati a inda harafi ya kamata ya zauna, bayan an riga an biya mai shago.

Ba dole ne aikin ya tsaya a ranar zaɓe ba. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma ana wallafa abin da aka ware wa kowacce duk wata. Mutum nawa ne a Godogodo ko Jagindi suka san na Jema'a? Ƙungiyar BudgIT da wasu matasa suka kafa a Legas a 2011 da wannan ta yi suna, ta mayar da kasafin kuɗi zane mai sauƙin ganewa. Rukuni zai iya tsara allo ɗaya da mai sayar da masara za ta duba ta gane abin da ya shigo da abin da aka ce za a yi da shi. Sharaɗin shi ne kowane adadi a rubuta inda aka samo shi da watansa a ƙasa, kuma allon ya tsaya a kan lissafi, kada ya zagi kowa.

Malamai, ina roƙonku abu biyu. Ku haɗa rukunonin da kanku, ku cakuɗa su da gangan, kada ku bar ɗalibai su zaɓi abokansu. Kuma ku ware maki mai tsoka ga shaidar gwaji, wato zanen farko da ya faɗi, da abin da mutane suka yi da shi, da gyaran da aka yi. In kyan fosta kawai kuke dubawa, kyan fosta kawai za a kawo muku. Ku tuna waɗannan yaran nan da shekara biyu ko uku su ne masu yi wa ƙasa hidima da za a ba akwatin zaɓe su riƙe, kuma tun da aka sa hannu a dokar rage shekarun takara a Mayun 2018, mai shekara 25 yana iya neman kujerar majalisar jiha ko ta wakilai.

Iyayenmu na kasuwa da na unguwa, in kun ga samari da 'yan mata sun zo da kwali da tawada da takardar makaranta, ku ba su minti biyar, ku faɗa musu gaskiya in abin bai fito ba. Ku kuma ɗalibai, in an gama an ba da maki, kada aikin ya ƙare a kabad ɗin sashe. Ku buga kwafi biyu, ku kai ɗaya ofishin INEC na ƙaramar hukuma, ɗaya ofishin hukumar wayar da kan jama'a ta NOA, ku kuma koma kasuwar ku nuna wa waɗanda suka gwada muku yadda gyaran ya fito.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake sauya rumfar zaɓe ga wanda ya tashi daga wata unguwa zuwa wata, da abin da ake yi in katin zaɓe ya ɓata ko ya lalace. 

(Taken rufewa)